Tocilar da Ba Ta Mutuwa

"Lafiya lau na wuni, sai dai ganinka da ya zo ya ɓata mini la'asar. Shigo mana, ka wani tsaya a bakin ƙofa kamar wanda aka aiko yanke wuta."

"Leƙawa nake in ga ko kina nan, Tsohon Ƙarfe. Kullum in taho da shirin karɓar gaisuwa, kullum in tarar da ke zaune kina tauna."

"Za ka gaji da tahowa kuwa, Tsinke. Cire mini takalmin nan, jiya na share ɗakin."

"Jiya ta wace shekara?"

Ni mai ba ku labarin nan mai kitso ce. Ɗakina yana jingine da na tsohuwar da kuka ji muryarta, kuma bangon da ya raba mu sunan bango kawai gare shi, don in ta yi tari a can ni nake ce mata sannu daga nan. A tsakar gida nake aikina, ƙarƙashin rumfar kwano, daidai ƙofarta. Kada kowa ya ce mini 'yar sa-ido. Mai kitso hannunta ne ke aiki, kunne kuwa a sake yake, ban san inda ake so in ajiye shi ba.

Tsinke jikanta ne, malamin Turanci a wata makarantar sakandare. Ita ta raɗa masa sunan tun yana rarrafe saboda rashin jiki, shi kuma ya rama da Tsohon Ƙarfe tun ranar da bakinsa ya buɗe. Ita ta raine shi, don uwarsa a wajen haihuwarsa ta tafi, ubansa kuma bai ga shigarsa makaranta ba. Tsohuwar nan ta rufe mijinta, ta rufe 'ya'yanta ɗaya bayan ɗaya har ba saura. Jikan nan shi kaɗai ya rage mata a duniya. In ka ji su suna zage-zage za ka rantse gobe sai kotu, amma mu 'yan gidan mun san ranar da ba a yi zagin ba ita ce ranar da ba lafiya.

To, a ranar akwai abin da na sani, wanda aka ce ita ba ta sani ba. Matarsa ce ta gaya mini, kanta yana kan cinyata ina mata kitso, hawaye na jiƙa mini zane. Zuciyarsa ce ta lalace. Washegari da safe zai tafi babban asibiti a wani gari, za a buɗe ƙirjin a yi aiki, likitoci kuma ba su ɓoye musu ba, sun ce ana tashi, ana kuma rashin tashi. Ita tsohuwar an ce mata kwas zai tafi na ƙarin ilimi. Ina zaune ina wanke matajai a kwano, ƙofarta a buɗe, labule a ɗage, komai a idona aka yi.

"Zauna mana," in ji ta. "Tsayin nan naka na banza ya tare mini haske."

Ya zauna a bakin gado. Ɗan takun nan daga titi zuwa ɗakin ya sa shi haki, yana ta ƙoƙarin haɗiye shi. Ta dube shi, ta kau da kai, ta tura masa kofin ruwa da ƙafa.

"Sha, kada a ce a ɗakina ka bushe. Ina aikena?"

"Wane aike kuma?"

"Ji ɗan banza! Tocila mana. Tun yaushe na ce maka waccan ta mutu? Ina ta laluben bango kamar wadda ta yi sata."

"Ai hannunki ne, Tsohon Ƙarfe. Duk abin da ya shiga hannun nan sai ya ce ga garinku nan. Mai kantin ma har ya san ni. Da ya hango ni sai ya ce, malam, ta sake kashewa ne?"

"Ka gaya masa kayansa ne na banza, kamar mai saye."

Gaskiya ne, maganar tocilar nan ta zama abin dariya a gidan. Irin 'yar ƙaramar nan ce ta roba, mai arha, wadda ko kallon kirki ka yi mata sai ta tsage. Ita take so, ba ta yarda da wata. Wata ba ya cika sai ta mutu, sai a aika wa Tsinke, shi kuma ya taso daga makaranta da sabuwa a aljihu, su zauna su zagi juna har magariba. Na taɓa ganinta da idona ta tsoma wata a bokitin wanki ta ciro, ta girgiza, ta ajiye. Na ce a raina, Allah sarki, tsufa ya fara taɓa kan. Ban gaya wa kowa ba.

Ranar kuwa ba daga aljihu ya ciro ba. Jaka ya buɗe, ya fito da wani kwali mai sheƙi, ya ɗora mata a cinya yana murmushi irin na wanda ya yi abin kirki.

"Yau na raba ki da wahala. Buɗe ki gani."

Ta buɗe, ta ciro, hannunta ya yi ƙasa don nauyi.

"Wannan tocila ce ko taɓarya?"

"Tocila ce ta manya, ba irin ta 'yan wasan yara da kike saye ba. Ƙarfe ce zalla, 'yar'uwarki. Ba ta cin batir. Kin ga wannan baƙin gilashin na bayanta? Ki ajiye ta a rana ta sha, da dare ta biya ki. Ki jefa ta a ruwa, ta fito tana haske. Ki jefo ta daga bene, benen ne zai ji ciwo."

"In babbar mota ta taka ta fa?"

"Sai a kai motar wajen makaniki."

"In ɓarawo ya shigo?"

"Ki haska shi ya makance, ki maka masa ya suma, ki zauna a kansa har gari ya waye. Ko da yake ke ɓarawo ya ga fuskarki ma ya isa."

"Fuskar da kakanka ya sayar da kekensa a kanta? Kai wa ya taɓa sayar da ko tsintsiya saboda kai? Matarka ma tausayi ne ya kama ta, ta ga iska za ta ɗauke ka ta riƙe."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ta jira ya lafa, ba ta ce sannu ba, amma na ga yatsunta sun damƙe bakin zanenta. Sai ta juya kwalin, ta nuna wani rubutu ja da aka yi da manyan baƙaƙe.

"Wannan kuma me suka ce? Tunda an yi asarar kuɗin makaranta a kanka, karanta."

"Turanci ne. Kalma ɗaya ce ma suka yi wa ado haka."

"Riƙe Turancinka, haƙorana ba za su iya ba. Ba ni da Hausa."

"To, ai matsalar ke nan, mu sai mun yi dogon zance. Su kalma ɗaya gare su. Ma'anarta abu biyu su fara tare, ɗaya ya ƙare, ɗaya yana nan. Wato ya daɗe har ya wuce ɗan'uwansa. Nan cewa suke tocilar nan za ta wuce duk wata tocila, za ta wuce batir, za ta wuce kwalinta, kila har mai kantin."

"Oho. Kuma har da kalma suka yi wa wannan?"

"Har da kalma. Kwanan nan ma na koya wa ɗalibaina ita. Na ce su kawo misali, suka yi tsuru-tsuru. Sai na ce to ku rubuta: kakata ta wuce katifa huɗu, ta wuce tukunyar ƙarfe, ta wuce bishiyar ƙofar gidansu, ta wuce likitan da ya ce mata ta rage gishiri. Yara suka yi ta dariya. Yanzu duk ajin ba wanda zai manta kalmar."

"Da ni kake cin abinci ashe. A kan mutum ma ana faɗarta ke nan?"

"Ana faɗa mana."

"Yabo ce ko zagi?"

"A jikin kwali dai yabo ce."

"A jikin mutum fa?"

Malamin da ba ya rasa amsa, sai ga shi yana gyara igiyar jaka. Ni ma na bar motsa ruwan kwanon don kada ƙara ta fita.

"Wannan ba ya cikin darasin," ya ce can. "Tashi daga nan in duba sakatar ƙofar nan, tun bara take rawa."

Ya ciro sukundireba daga jakar, ya durƙusa a bakin ƙofa ya ɗaure sakatar tam. Ya hau kujera ya cire ƙwan lantarkin da ke lumshewa, ya sa sabo, ya sauko yana dafa bango. Ya fito da wani ƙwan ya tura mata ƙarƙashin gado, ya ce na ajiya ne. Ya duba ƙafar gadon, ya duba murfin taga. Yana yi yana surutu, wai ya gaya wa mai kantin in tana son wani abu ta aika kawai, wai ya yi magana da mai kemis zai riƙa kawo mata maganin ƙafa har gida. Ita kuwa tana zaune da tocilar a cinya tana bin sa da ido. Abin ya ba ni tsoro.

"Shi ke nan," ya ce yana karkaɗe hannu. "Yanzu ko shekara goma na yi a kwas ɗin nan ba abin da zai lalace miki. Kawo tocilar in sama mata wuri, kada ki danne ta ki ce ita ma ta mutu."

Ya karɓa, ya waiga yana neman inda zai ajiye.

Akwai wata kanta ta katako a ɗakin, a saman gadon. Duk wanda ya taɓa shiga ya san ta. Rediyon mijinta yana kai, har yau in an sa batir yana magana. Kusa da shi tabaraun babbar 'yarta, sai almakashin ɗinkin ta biyun, sai agogon hannu na uban Tsinke, wanda take wanawa kowace safiya, yana ta tafiya abinsa. Kowa ya tafi, abinsa ya dawo ɗakinta ya hau kantar nan. Daga gefen agogon akwai ɗan fili da ba komai, kullum a goge. Shi dai fili ya gani. Ya miƙa hannu ya tsayar da tocilar a wurin, daidai kusa da agogon ubansa, har yana gyara mata zama.

"Ɗauke ta!"

Ban taɓa jin wannan muryar a bakinta ba. Matajin da ke hannuna ya faɗa cikin kwano.

"Ɗauke ta daga nan, na ce! Yanzun nan!"

Ya ɗauke da sauri, ya tsaya riƙe da ita a ƙirji kamar yaron da aka kama. Ya dubi kantar, ya dubi agogon, sai na ga ya gane abin da ya yi. Fuskarsa ta sauya.

"Kaka, wallahi ban lura ba."

"Kaka? Yau kuma ni ce Kaka? Ina Tsohon Ƙarfen ya tafi? Zauna."

Ya zauna.

"Miƙo ƙafarka."

"Ƙafata kuma? Me za ki yi da ita, ko miya za ki sa?"

"Miƙo, na ce."

Ya miƙa. Ta danna babban yatsanta a saman ƙafar, ta ɗaga. Wurin ya loɓa, ya ƙi tasowa. Suka zuba masa ido su biyun.

"Wane irin kwas ne ake tafiya da ƙafa a kumbure? Wane kwas ne matar mutum take wuce ƙofata da gudu don kada mu haɗa ido? Kun mai da ni ƙaramar yarinya, kai da ita. Haka ƙafar ubanka ta yi. Ni na riƙa shafa mata mai, ina ce masa gajiya ce, shi ma yana ce mini gajiya ce, muna ta yi wa juna ƙarya har aka fitar da shi. Gobe ne?"

Ya sunkuyar da kai. "Gobe ne. Aiki za su yi. Amma likitocin ƙwararru ne, sun ce yawanci..."

"Ban tambaye ka yawanci ba."

A waje wani yana ta buga hon, kamar ba abin da ke faruwa a duniya.

"Ba mu so hankalinki ya tashi ne."

"Shi ya sa ka zo ka ɗaure mini sakata, ka ajiye mini ƙwan lantarki na gaba, ka haɗa ni da mai kanti da mai kemis, ka kawo mini tocilar da ba ta mutuwa. Ka gama shirya ni tsaf, yadda ko ba ka nan ba abin da zan nema. Sannu da aiki. Kai a ganinka gata ka yi mini ko?"

"To, da me zan yi? In bar ki a duhu?"

"Dubi kantar can. Dube ta da kyau, malamin Turanci. Akwai abin da ya lalace a kai? Rediyon yana magana. Almakashin yana yanka. Agogon bai taɓa tsayawa ba. Duk kayan kirki ne, masu ƙarko, irin wanda kwalinka yake yabo. Ina masu su? Ni na ƙoshi da abin da ba ya mutuwa, Tsinke. Ɗakina cike yake da shi. Ni kaina irinsa ce. Ka ce yara sun yi dariya da ka ce na wuce katifa da tukunya. Da ka ƙarasa musu mana. Ka ce ta wuce mijinta, ta wuce duk wanda ta haifa. Ka gani ko za su yi dariya."

Hawaye ya zubo masa. Ni kuwa nawa tuni sun gama wanke mini fuska, ina share su da bayan hannu mai kumfa, idona na yaji.

"Kuma kai da iliminka," ta ci gaba, "ba ka taɓa tambayar kanka me ya sa tocilata take mutuwa duk wata ba? Robar banza ce, na sani, amma ba ta kai haka lalacewa ba. In ta yi taurin kai ta ƙi mutuwa, bokiti nake tsoma ta. Wata ma da dutse na taimaka mata."

Ya ɗago kai. "Ke kike kashe su?"

"To, da wa? Kai mutum ne mai aiki, mai iyali. In na ce zo in gan ka, sai ka ce sai ƙarshen mako, ƙarshen makon kuma ba ya zuwa. Amma in na ce ina cikin duhu, kafin la'asar ka iso kana zagina. Abin da ke lalacewa shi ke kawo mini kai. Yau ka kawo wadda ba ta lalacewa, ka ce ka raba ni da wahala."

Ashe ba tsufa ba ne ya taɓa kan. Ni ce dai ban da kai, da na zauna shekaru a ƙofarta ban gane ba.

Tsinke ya share ido da hannun riga, ya yi wata 'yar dariya mai rawa.

"Amma ke muguwar tsohuwa ce. Shekara da shekaru ina zagin mai kanti a banza. Har cewa na yi zan kai ƙararsa."

"Ka kai mana. Ni zan ba da shaida a kanka."

"To, tunda haka ne, faɗi abin da kika saba faɗa in tafi da shi. Kullum in zan fita sai kin ce ke za ki ga bayana, ki auri wani saurayin ki bar ni. Faɗa mana."

Magana ce da take jefa masa kullum tana dariya, tun yana ɗan makaranta da jakar buhu. Ta girgiza kai.

"Ba zan faɗa ba. Na faɗa da wasa shekara da shekaru, ina tsoron kada a ce an ji. Kai dai ne maƙaryaci. Tun ba ka fi tsayin gadon nan ba kake cewa kai za ka rufe ni, ka gaje gadon ƙarfen nan da rediyo. Har cewa ka yi za ka sayar da haƙorana na roba. Ina ta jira, na gyara komai, na ƙi mutuwa don kada in tafi kana jarrabawa, na ƙi mutuwa don kada in ɓata maka aure. Yanzu da lokaci ya yi za ka zame ka bar ni da gadon? Wa zai ɗauka? Mai kitso?"

"Ni ba na so!" na faɗa daga waje, ban san sanda ta fito ba.

Suka waigo su biyun.

"Ka ji ta ko," in ji tsohuwar. "Kunne kamar faranti. Ko ita ba ta so."

Ya yi dariya, sannan ya kama hannunta, abin da ban taɓa ganin ya yi ba.

"Kaka, rai ba a hannuna yake ba. Ba zan yi miki alkawarin abin da ba nawa ba."

"Ni za ka koya wa wannan? Ni da na miƙa duk abin da aka ba ni, ban ce don me ba? Ban ce ka yi mini alkawarin rai ba. Aike na yi maka. Na ce ka sayo mini tocilar roba, ka kawo mini taɓarya. Aikena bai iso ba."

Ya miƙe da sauri har ya yi tangaɗi. "Wannan mai sauƙi ne. Kantin yana buɗe, bari in je yanzu in..."

"Zauna, uban gaggawa. Wa ya ce yau? Yau na gaji da ganinka. In ka dawo daga kwas ɗin naka, ka biya ta kantin, ka zaɓo mafi arha, wadda ko wata ba za ta kai ba. Ka kawo da hannunka. Kada ka aiko matarka, kada ka aiko mai kanti, ba zan karɓa ba."

"Kafin nan fa? Ki zauna a duhu?"

"Ai ka san ina cikin duhu. Sai ka yi sauri."

Ya tsaya yana kallonta. Ita ma ta kafe shi da ido, haɓa a sama, kamar ba ita ce muryarta ke rawa ɗazu ba. Can sai ya saki dariya, ta gaske, har da dafa ƙirji.

"Kin ci, Tsohon Ƙarfe. Wallahi kin ci. Ban taɓa ganin wanda ya ɗaure mutum da tocila ba sai ke."

"Dama yaushe ka taɓa ci? Ungo." Ta ɗauki ta ƙarfen ta cusa masa a jaka da kanta, ta ja zif. "Tafi da 'yar'uwata. Asibiti ma ana ɗauke wuta. In likitan ya rasa inda zuciyar take, ya haska, don ni ban taɓa ganin alamar kana da ita ba."

"In ya buɗe ya ga sunanki a ciki fa?"

"Ka ce masa ya bar shi a inda ya gan shi. Tashi ka tafi, ka cika mini ɗaki da ƙashi."

Ya sa takalmi a bakin ƙofa, da ƙyar ƙafar ta shiga. Ya ce mini, "Mai kitso, ga amanar tsohuwa nan, kada ki bari ta auri wani kafin in dawo." Na ce to, don abin da bakina ya iya ke nan. Ya ratsa tsakar gida a hankali, jakar tana ja masa kafaɗa. Bai waiwayo ba, ita ma ba ta fito ba. Ta taga na ga ta ɗauki tsumma ta goge filin nan na kusa da agogo, ta bar shi ba komai.

Da magariba aka ɗauke wuta, kamar yadda aka saba. Na kunna fitilata, na ga ɗakinta baƙi ƙirin, zuciyata ta kasa daurewa. Na ɗauki tocilata na je na tsaya a ƙofa.

"Kaka, ga wannan ki riƙe kafin a kawo wuta."

Tana zaune a bakin gado, daidai inda ya zauna, fuskarta na kallon ƙofa.

"Mayar da kayarki, 'yar nan," ta ce. "Na aiki mutum."